Rasuwar Jirgin Ruwan da Ke Lungun Gidan Zamani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta riga baƙin cikin samun wurin zama a cikinta, ni Silvanus Zamani, tsohon mai kula da famfunan da ke shayar da injinan jirgin ƙasa a tashar Kafanchan, ina sanar da 'yan'uwa cikin ikilisiya, da abokan aikina na dā, da maƙwabta, rasuwar jirgin ruwana, Sannu-Ba-Ta-Hana-Zuwa. Ya cika ranar Lahadi, ashirin da huɗu ga Satumba, 1978, bayan tashi daga sujada, a lungun da aka haife shi, tsakanin gidana da gidan ƙanena Meshak. Ya rasu yana da shekara goma sha uku. Bai taɓa ganin kogi ba.

Kafin in yabi marigayi, akwai abin da ya wajaba in faɗa, domin ba ya kyautuwa a tsaya gaban gawa da magana a ƙarƙashin harshe. A cikin jirgin nan, ƙarƙashin bencin da nake kwana, akwai wani farin kwano mai murfi, mai shuɗin baki. Ba nawa ba ne. Na Hellen ne, matar Meshak. Ta miƙo mini shi da abinci a ciki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban kuwa mayar ba. Wanda ya san gidajenmu ya san nauyin wannan magana. Wanda bai sani ba, zai gane kafin ƙarshen takardar nan.

Asalin marigayi daga nesa yake. A 1961 aka tura ni Ingila koyon aikin famfo na wata shida. Kuɗin masauki ya fi ƙarfina, sai na sami kwana wurin wani tsoho da matarsa masu dakon kwal, waɗanda ba su da gida sai jirgin ruwa. Jirgin dogo ne siriri, faɗinsa ƙafa bakwai ba inci biyu, yana bin wasu hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannu tun zamanin kakanninsu. A ɗan ɗakin da ke bayansa suke girki, suke kwana, suke faɗa, suke shiryawa. Kowane cokali da ƙusarsa. Tafiyarsa ba ta wuce ta mai zuwa gona ba. A hutuna na bi su kwana tara, kuma ina shaida cewa tun da aka haife ni ban taɓa samun kwanciyar rai irin ta kwana taran nan ba.

Abu biyu na gani a can da suka bi ni har gida. Na farko, yadda suke hawa tudu da jirgi. Akwai wani ɗaki na ruwa mai ƙofa biyu, faɗinsa daidai jirgin. Ka shiga, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa daga sama, ka ji ana ɗaga ka da kai da gadonka da tukunyarka. Ran farko na yi gaggawa, na sa kafaɗa ina tura ƙofar gaba da dukan ƙarfina. Tsohon ya bar ni har na gaji, sa'an nan ya ce mini ko doki goma ba za su buɗe ta ba muddin ruwan ciki bai kai na waje ba, in kuwa sun daidaita, da hannu ɗaya matarsa ke buɗewa. Na biyu, ramin da aka huda cikin tudu domin ruwa ya wuce. Injinmu ya mutu a bakinsa, muka kwanta rigingine a kan katako, ni da tsohon, muna taka bango da ƙafa muna tura jirgin cikin duhu, ruwa na ɗigo mana a fuska. Can gaba akwai ɗigon haske kamar ƙwayar gero. Ya ce shi kaɗai zan riƙa kallo.

Da na dawo, na yi niyyar gina irinsa, in ɗora shi a taragon kaya zuwa Makurdi, in ƙare kwanakina a kan Binuwai. Matata Bernice ta ce ita ko a kwale-kwale ba ta shiga, amma ba ta hana ni ba. Na kira Malam Musbahu kafinta, muka zaɓi lungun da ke tsakanin gidana da na Meshak, saboda inuwa, kuma saboda faɗinsa ƙafa bakwai da inci huɗu ne. Da na auna na ga haka, sai na ɗauka alama ce daga wurin Ubangiji. Shekara uku muna aiki, Asabar bayan Asabar, da katakon maɗaci da kwalta. Tsawonsa ƙafa talatin. Sau arba'in na auna faɗin, domin ya dace da ɗakunan ruwan Ingila, waɗanda ba zai taɓa shiga ba. Ko sau ɗaya ban auna mafita ba.

A bakin lungun, ta gabas, rumbun mahaifinmu Zamani yake tsaye a kan duwatsunsa shida, cikin rabon Meshak. Mutum yakan kewaye shi, jaki ma yakan kewaye shi da kaya. Abu mai ƙafa talatin ba ya lanƙwasa. Ta yamma kuwa ɗakin da na ƙara wa 'ya'yana ya riga ya toshe. Ranar da muka buga ƙusa ta ƙarshe Malam Musbahu ya tsaya a gaban jirgin, ya dubi rumbu, ya dube ni, ya cire hularsa ya mayar.

“Malam Silvanus,” in ji shi, “ta sama za mu fitar da shi?”

Na je wurin Meshak na roƙe shi a rushe rumbun, in gina masa sabo, babba, a bayan gida. Ya saurare ni har na gama.

“Yaya, hannun Baba na jikin rumbun nan. Je ka duba ta arewa, yatsunsa biyar suna nan cikin laka. Sabon da za ka gina, da yatsun wa?”

Ba mu yi faɗa ba. Ya ma yi dariya da ya karanta sunan jirgin, ya ƙarasa mini karin maganar, ya ce, “Sai dai a daɗe ba a je ba.” Lungun ya toshe, amma zumunci bai toshe ba. A gidanmu, tun zamanin iyayenmu mata, duk yamma kwano yakan ƙetara daga wannan murhu zuwa wancan, kuma ba ya komawa wofi. Ko gyaɗa ce, ko ɗan yalo, sai an sa wani abu a ciki. In kwano ya kwana bai koma ba, mai shi ba ta sake aikowa, ba ta kuma tambaya, domin tambayar ta zama roƙo. Tagar jirgin ta hagu ta yi daidai da tagar ɗakin girkin Hellen, ta dama kuma da ta Bernice. Haka kwano ya riƙa ratsa cikin jirgin shekara biyu, yamma bayan yamma. Wannan shi ne dakon kaya kaɗai da marigayi ya taɓa yi, ya kuwa yi shi da aminci.

Yanzu na zo kan abin da na daɗe ina kewayewa kamar yadda jaki ke kewaye rumbu.

A watan Agusta na 1967 aka yi kwana huɗu ana ruwa. Rufin gidajenmu biyu duk cikin lungun suke zuba, ruwan ya bi ta gindin rumbu ya fita titi. Ran na huɗu, da azahar, wani tunani ya zo mini, irin wanda ba ya zuwa wa kowa sai wanda ya yi shekara ashirin yana tare ruwa yana sakinsa. Na ɗauko katakai uku da buhunan yashi, na datse bakin lungun tsakanin rumbu da titi. Na yi wa kaina ɗakin ruwa. Na shiga jirgin, na riƙe sandar tuƙi, na jira.

Ruwa ya hau. Na ji marigayi ya yi wani nishi daga can ƙasa, “mmmm,” kamar sa zai miƙe, sai katakansa suka amsa ɗaya bayan ɗaya, “ƙaƙ, ƙaƙ, ƙaƙ.” Kofin da ke kan tebur ya zame kaɗan. Ya tashi. Inci uku, a ƙiyasina. Ya yi lilo tsakanin bango da bango na tsawon abin da za a rera baiti biyu na waƙar sujada. Ina da shekara arba'in da tara a lokacin, na yi kuka kamar wanda aka yaye. Sa'an nan na cire katakan, ruwa ya wuce, ya koma ya zauna inda yake.

Amma ruwan ya riga ya kwanta a gindin duwatsu shida. Bayan kwana uku, da hantsi, biyu suka nutse cikin ƙasa, rumbun ya karkata, ya faɗi, ya fashe cikin taɓo. Accar shekara guda da dawar gidan Meshak suka jiƙe. Bangon arewa ya narke da yatsu biyar ɗin.

Muna cikin kwasar abin da za a iya kwasa, Meshak ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji.

“Yaya, ka tare ruwa a lungun nan?”

Na ce, “A'a.”

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kwasa.

Da yammar ranar Hellen ta buga tagar jirgin kamar kullum, ta miƙo kwano. Gwaten acca ne, daga accar da aka tsamo cikin laka aka wanke. Na buɗe, na rufe. Ban iya ci ba. Da safe na wanke kwanon, na tsaya da shi a hannu. In na mayar wofi, na zage su. In na zuba gyaɗa, na yi wa mai yunwa ba'a. Abin da ya dace shi ne in cika shi da acca daga rumbuna, in bi shi da buhuna, amma na ga kamar yin haka amsa laifi ne. Na ce bari gobe. Gobe ta zo, na ce bari Lahadi. Hellen ba ta sake bugawa ba. Bernice ta ce za ta iya kai musu hatsi ta titi, ta kuwa kai, amma kwanon ba za ta taɓa shi ba.

“Kai aka miƙo wa, Baban Regina. Hannun da ya karɓa shi zai mayar.”

Ga kuma hukuncin da ban zata ba. Rumbu ya faɗi, hanya ta buɗe. Daga ranar, maza goma da bututu huɗu sun isa su gangara da jirgin har titi. Malam Musbahu ma ya zo ya ce a sa rana. Amma na san in jirgin ya fita ta kan gurbin rumbun, duk Kafanchan za ta ce don haka na kayar da shi. Abin da ya fi wannan muni, ni kaina ban tabbata ƙarya za su yi ba. Na san halin ruwa, na san abin da yake yi wa gindin gini. Shekara goma sha ɗaya ina tambayar kaina ko mantawa na yi a ranar, ko kuwa wani sashe na zuciyata ya tuna sarai ya yi shiru. Har yau ban sami amsa ba. Meshak kuwa ya gina sabon rumbunsa a bayan gida, ya bar duwatsu shidan a inda suke, bai dasa ko barkono a wurin ba. Ya bar mini hanya a buɗe. Ban taɓa ganin ƙofa mai ƙarfi kamar wannan ba.

Game da halayen marigayi, ina shaida cewa mai haƙuri ne. Ya jure sunan da 'yan gari suka laƙaba masa, wanda duk ɗan makarantar Lahadi zai iya cinka. Ya jure baƙi daga Kagoro da Manchok da suka riƙa leƙowa bayan cin kasuwa. Da injinan dizal suka zo, aka rage bukatar famfunana, na yi ritaya a 1973, sai ya karɓe ni ɗungurungum. Na kwashe tabarmata da fitilata na koma cikinsa. Ina da benci, da murhun gawayi, da tebur mai naɗewa, kowane cokali da ƙusarsa. Duk safiya ƙofarsa takan gaishe ni da “ƙiiii,” in tsaya a baya in riƙe sandar tuƙi, in bi hanyar kwana taran nan a kaina, ɗakin ruwa bayan ɗakin ruwa, har ashirin da ɗaya. Duk safiya kuma Bernice takan miƙo koko ta tagar dama.

“Direba, an kai Makurdi, ko har yanzu ana Lafiya?”

Ban taɓa amsa mata ba, ba ta kuma taɓa fasawa ba.

Rufin gidajen biyu sun kusa haɗuwa a saman lungun, don haka ko da rana tsaka cikin duhu marigayi yake. In na tsaya a bayansa na dubi gaba, rami nake gani, da haske a ƙarshensa. An koya mini in riƙa kallon hasken. A nan kuwa abin da ke cikin hasken duwatsu shida ne. Tagar hagu na rufe ta, tsatsa ta ƙarasa. Tsakanin kunnena da bangon Meshak taƙi ɗaya ne. Na san tarinsa, na san lokacin da yake kunna rediyo, na ji ranar da aka kawo masa jikarsa ta fari. Da idanunsa suka soma yin yana, ta bango na sani, domin na ji yana tuntuɓe da kujerar da ta shekara ashirin a wuri ɗaya. A majami'a mukan gaisa da kai. Mun ci Jibin Ubangiji a benci ɗaya fiye da sau ɗari, ƙoƙo ɗaya ya bar bakinsa ya zo nawa. Dattawan ikilisiya su yi mini hukuncin da ya dace a kan wannan.

Ciwon ajalinsa gara ce. Ta shige shi ta ƙasa, inda ruwan 1967 ya jiƙa kwalta ta ɗaga. Shekara uku ina jin ta in gari ya yi tsit da rana, “ƙir, ƙir, ƙir,” ina cewa kukan katako ne. A daminar bana ya soma ɗiga, “ɗis, ɗis,” daidai kan benci. Ran Lahadin nan na dawo daga sujada, na taka tsakiyarsa, sai ya ce “ɓurum,” ya buɗe. Na nutse har ƙugu cikin garin katako, ƙafafuna a ƙasar lungu, hannuwana a sama, gwiwata ta hagu tana zubar da jini. Ba gaba, ba baya. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Sai na ji sanda tana laluben bango daga wancan gefe, da muryar da ba ta yi mini magana ba tun ranar taɓo.

“Yaya? Yaya, ka ji ciwo?”

Na ce, “A'a.”

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Tambaya biyu ƙanena ya yi mini cikin shekara goma sha ɗaya, amsa ɗaya na ba shi, duka biyun kuwa ƙarya. Bernice da Malam Musbahu ne suka zaro ni. Tana ɗaure mini gwiwa ta faɗa mini, ba tare da ta dube ni ba, cewa ranar Alhamis, biyar ga Oktoba, za a kai Meshak Kano aikin ido, kuma likita bai yi alkawarin kome ba. Hasken da ya rage masa a idon dama ne, shi ma kamar ta cikin tsumma.

Marigayi ya bar ni, mai shi. Ya bar Bernice, wadda ta roƙa a rubuta cewa ba ta cikin masu makoki. Ya bar Malam Musbahu, wanda ya karɓi haihuwarsa, da kaji bakwai da suka saba ƙwai a ƙarƙashinsa, da gara, wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe ba ta gaji ba.

Jiya da yamma, lokacin da hayaƙin girki ke tashi, na ciro kwanon, na wanke, na cika shi da acca har murfin ya ƙi zama. Na rarrafa ta gefen ramin da na faɗa ciki zuwa tagar hagu. Sai da na sa guduma ta buɗu. Na buga tagar Hellen sau uku. Ta buɗe, da muciya a hannu. Ta tsufa, ban sani ba. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta daɗe.

“Baba,” ta ce, “lalle kana cin abinci a hankali.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta kira mijinta. Ya zo yana lalube, ya kai kwanon dab da idonsa na dama, ya bi shuɗin bakin da yatsa.

Na ce, “Meshak, ni na tare ruwan. Kuma ran Lahadi na ji ciwo.”

“Na sani, Yaya. Ina kan tsani ina gyara jinkar rumbu ran da ka tare. Tambayar da na yi maka, hanya na ba ka.” Ya zuba yatsunsa cikin accar. “Ya tashi fa. Na gani da idona.”

“Inci uku,” na ce.

“Biyu,” in ji shi.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe Malam Musbahu zai zo da kayan aikinsa a kwance marigayi a inda yake. Katakan da gara ta ci za a ba zumuntar mata su yi makamashi. Waɗanda suka rage da ƙarfi za su zama daɓen sabon rumbu a kan duwatsu shida, ni zan kwaɓa lakar, Meshak zai sa hannunsa a bangon arewa kafin jirgin ƙasan Alhamis. Allon sunan Bernice ta ce a ba ta, za ta riƙa yanka kuɓewa a kai. Ba waƙa, ba jawabi, ba zaman makoki. A yi wa idon ƙanena addu'a.

Mai son yin ta'aziyya, daga ranar Laraba, ya biyo ta lungu.

Silvanus Zamani
Kafanchan, 29 ga Satumba, 1978